Man Wa Ya Malala a Gaɓar Teku?

Ranar 20 ga Disamba, 2011, ɗanyen mai kimanin ganga 40,000 ya kwarara cikin teku daga filin Bonga na kamfanin Shell, kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, ana tsakar loda wa jirgin dako. Ba a jima ba masunta suka ga baƙin mai a bakin ruwa. Suka ce na Bonga ne. Shell ya ce a'a, wannan daga wani wuri ya fito.

Irin wannan gardama kimiyya na iya raba ta. Manomin Kabo yakan gane sansa a tsakiyar kara saboda shaidar da ke jikinsa. Ɗanyen mai ma yana da tasa. Daga ragowar tsirrai da ƙananan halittun da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi ya samu, kuma kowane wuri da irin abin da ya binne. Masana sukan ɗebi samfur, su zuba a na'urar da ke rarrabe sinadarai tana auna nauyin kowanne. Rana da iska suna kwashe masu saurin ƙafewa cikin 'yan kwanaki, amma wasu, irin su hofen da siteren, suna da taurin rai. Yawan wannan a kan wancan shi ake gwadawa da na rijiyar da ake zargi. Man Neja Delta ya yi fice da sinadarin oliyanen, gadon tsirrai masu fure.

Da wannan dabara Brazil ta ce man da ya ɓata gaɓarta a 2019 ya yi kama da na Benezuwela.

Sai dai gwaji ba ya yiwuwa sai da abin kwatantawa, kuma rijiya tana hannun mai ita. Nan talaka ke shan kaye. Ƙarar da aka shigar da Shell kan malalar Bonga ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda a Mayun 2023 ta ce an makara wajen shigar da ita.

Zancen bai yi wa Arewa nisa ba. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, ƙasar noma da kiwo. Ya kamata hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 domin sa ido kan malalar mai, ta ɗebi samfurin kowace rijiya a can tun yanzu, ta ba jami'o'in yankin ajiyar wani kaso.