Fis Da Rile: Ƙaramin Kaya, Babbar Asara Ga Masu Sufuri A Auna

AUNA, Jihar Neja — A wannan gari na Ƙaramar Hukumar Magama, inda hatsi da kifin tafkin Kainji ke bin mota zuwa Kontagora, motar haya jari ce sukutum. Amma sau da yawa abin da kan tsayar da ita a hanya bai kai ɗan yatsa ba, wato fis ko rile.

Aikin fis shi ne ya ƙone da zarar wuta ta wuce kima, domin sauran wayoyi su tsira. Launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Shi kuwa rile makunni ne wanda ƙaramar wuta ke motsawa, ya saki babba zuwa fitilun gaba ko famfon mai. Idan aka kunna ba a ji ƙararsa ba, masu gyaran wutar mota sukan musanya shi da irinsa domin gwaji.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗabi'ar ɗaura zaren waya a gurbin fis ɗin da ya ƙone. Mota za ta tashi, amma ta rasa kariyarta. Fis ɗin da ya sake ƙonewa nan take alama ce cewa wata waya ta goge tana taɓa jikin mota, kuma zaren ba zai hana ta kamawa da wuta ba.

Saboda haka ya kyautu mai mota ya tanadar wa direbansa fis na kowane launi, ya kuma hana shi sanya wanda ya fi na asali ƙarfi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da mota da lodinta.