Bakwaini Da Ƙurajen Leɓe: Hattara 'Yan Barka

Yau zan ɗan ajiye zancen soyayya a gefe, mu tattauna a kan wani abu da muke rainawa alhali yana iya raba uwa da jaririnta cikin 'yan kwanaki. Kun san ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a gefen leɓe bayan mutum ya tashi daga zazzaɓi? To ƙwayar cutar bairas ce mai suna hapis take kawo su. Iri biyu ce: ta farko ta fi fitowa a baki, ta biyu a al'aura. Idan ta shiga jiki ba ta fita, sai dai ta kwanta ta riƙa tasowa jifa-jifa.

Kada wadda ta ji kunya don tana da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kimanin kashi 64 cikin 100 na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ta bakin, galibi tun suna yara suka ɗauka. Ga babba, kwana 7 zuwa 10 sun bushe, shi ke nan. Amma ga jariri, musamman bakwaini, wallahi ba wasa ba ne.

Dalili kuwa shi ne, a watanni ukun ƙarshe na ciki ne uwa take tura wa ɗanta yawancin garkuwar jikinta ta hanyar mabiyiya. Wanda aka haifa kafin sati 37 ya fito bai gama karɓar wannan guzurin ba, ga fatarsa siririya, ga huhunsa bai yi ƙwari ba. Shi ya sa cutar ta fi saurin bin jininsa ta kama hanta da huhu da ƙwaƙwalwa.

Yawancin jarirai, kusan kashi 85 cikin 100, wajen haihuwa suke ɗauka, kuma sau da yawa uwar ba ta ma san tana da ita ba. Haɗarin ya fi yawa idan mace ta kamu karon farko dab da haihuwa, nan yakan kai kashi 30 zuwa 50. Wadda ta daɗe da cutar kuwa, bai wuce kashi 3 ba, domin jikinta ya riga ya yi garkuwa. Don haka amarya mai cikin fari, in kika ga ƙuraje masu zafi a gabanki, ko a jikin maigida, ki cire nauyi ki faɗa a wurin awo. Akwai maganin da ake ba mai ciki daga sati 36, in kuma ƙurajen suna nan ranar naƙuda, sai likita ya yi aiki ya ciro ɗan.

Kimanin kashi 10 kuma bayan haihuwa suke ɗauka, kuma nan ne zancen ya shafe mu duka. Daga barka zuwa suna ɗakin mai jego ba ya rabo da jama'a, wannan ta ɗauka ta sumbata, waccan ta sa masa yatsa a baki. Ƙanwata 'yar makaranta, na san kina ɗokin ɗan yayarki, amma in akwai ƙurji a leɓenki, ki kalle shi daga nesa har ya warke sarai. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi, kuma kada a tauna wani abu a sa masa a baki. In babba ce ta zo da ƙurajen, sai ki rusuna ki ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, likita ya ce kada a sumbace shi sai ya yi ƙwari." Mai jego kuma ta ci gaba da shayarwa, sai fa in ƙurjin a kan nonon yake.

Alamomin sukan bayyana a cikin sati 4 na farko, wani lokaci har zuwa sati 6. Ki lura da ƙananan ƙuraje masu ruwa a kai ko a baki, jan ido, ƙin kama nono, barcin da ya wuce kima, zafin jiki ko sanyin jiki, numfashi sama-sama, shawara, ko jijjiga. Abin tsoron shi ne, da yawa daga waɗanda cutar ta fi yi wa illa ba sa fitar da ƙurji ko ɗaya. Saboda haka kada a tsaya ana cewa ai bakwaini haka yake da lagwani, kada a tsaya jiƙo ko hayaƙi. A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Magani akwai shi, sunansa asaikulobiya. Ta jijiya ake ba jariri, kwana 14 idan cutar ta tsaya a fata da ido da baki, kwana 21 idan ta shiga ƙwaƙwalwa ko ta bazu a jiki, daga nan a ci gaba da na sha har wata 6. Idan ta bazu ba a yi magani ba, sama da kashi 80 ba sa rayuwa, wanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa kuma yana iya tashi da naƙasa. Kun ga kenan kwana ɗaya da aka ɓata ba ƙaramar asara ba ce.

Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta karanta wa iyayenmu da ke cikin gida, domin su ne masu riƙon jariri a kwanakin jego. Allah ya raya mana zuriya, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.