Wane Ne Zakaran Silsila a Damben Masu Nauyi? Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

Duk daren da aka yi babban damben boksin na ajin masu nauyi, kafin gari ya waye musu ya cika majalisu da gidajen kallo: wane ne zakaran gaskiya? Wani ya ce mai riƙe da kambun WBC, wani ya ce wanda ya tara kambu uku. Can sai wani ya ɗaga murya ya ce duk kambunan nan tarkace ne, zakaran silsila shi ne zakara. Daga nan zance ke rikicewa, domin galibin masu faɗar haka a bakin Tyson Fury suka fara jin maganar, kuma abin da ke yawo a kanta wani gaskiya ne, wani kuwa an ƙara masa gishiri har ya ɓaci.

Ma'anar ba ta da wuya. Zakaran silsila shi ne wanda ya doke zakara a cikin fili, wancan ma ya doke na gabansa, a haka har a koma farko. Ba wata hukuma da ke naɗa shi, ba wadda ke tuɓe shi. Ko dai a doke shi, ko ya ajiye damben da kansa. Masu lissafi kan fara ƙirga ne daga watan Satumba na 1892, lokacin da James J. Corbett ya kayar da John L. Sullivan a turmi na 21 a birnin New Orleans na Amurka, da safar hannu bisa ƙa'idojin zamani.

Abin da ya sa ake buƙatar wannan lissafi shi ne yawan hukumomi. WBA ta samo asali tun 1921 da wani suna, WBC ta zo a 1963, IBF a 1983, WBO a 1988. Kowace da kambunta da jerin 'yan dambenta, kowace na karɓar kasonta daga kuɗin wasan da aka sa kambunta a ciki, kuma kowace na iya ƙwace kambun idan zakara ya ƙi karawa da wanda ta zaɓa masa. A watan Disamba na 1992 Riddick Bowe ya jefa kambun WBC cikin kwandon shara a gaban 'yan jarida a Landan, aka ɗauko sarautar aka ba Lennox Lewis ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Mai kallon da ya gaji da irin wannan yana da dalilin neman ma'aunin da ba a yanke shi a ofis.

Magana ta farko da ya kamata a gyara ita ce wai akwai wani kambu na musamman da ake ɗaura wa zakaran silsila. Babu shi. Wanda ake nunawa a hotuna mai launin ja da fari da shuɗi na mujallar The Ring ne, wadda aka kafa a 1922. Sau da yawa mai riƙe da shi shi ne zakaran silsilar, shi ya sa ake haɗa su, amma mujallar na da dokokinta. Ta daina ba da kambu wajen 1990, ba ta dawo da shi ba sai 2002, kuma tana ƙwace shi idan mutum ya daɗe bai yi wasa ba, abin da silsila ba ta yi.

Ta biyu ta fi yaɗuwa, kuma ta fi daɗin faɗi: wai tun daga Sullivan har yau igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba. Wannan ƙarya ce. Ta tsinke sau da dama, sai dai wasu tsinkewar an ɗaure su da kyau, wasu kuwa har yau ana ganin ƙullin.

James Jeffries ya yi ritaya a 1905 ba a taɓa doke shi ba. Sarautar ta bi ta hannun Marvin Hart da Tommy Burns ta isa ga Jack Johnson a 1908, baƙar fata na farko da ya riƙe ta. Fararen Amurka da yawa suka ce ai zakara na nan a gonarsa, suka matsa wa Jeffries ya dawo. Ranar 4 ga Yuli 1910 a garin Reno, Johnson ya lallasa shi har turmi na 15, magana ta mutu. Haka aka yi da Joe Louis: ya ajiye a 1949, ya dawo a 1950, Ezzard Charles ya doke shi. Haka kuma da Muhammad Ali. Gaskiya ne hukumomi sun ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Vietnam, amma ba wanda ya doke shi, don haka mutane da dama ba su sallama wa Joe Frazier gaba ɗaya ba sai da ya ci Ali da maki ranar 8 ga Maris 1971. A duk waɗannan, tsohon zakara ya dawo an gwada ƙwanji, igiya ta haɗu.

Gene Tunney kuwa ya tafi a 1928 bai waiwayo ba. Rocky Marciano ya tafi a 1956 da nasara 49 cikin wasa 49, shi ma bai dawo ba. Lennox Lewis ya yi haka a watan Fabrairu na 2004. Babu ɗan Adam ɗin da ya karɓi sarauta daga hannun waɗannan ukun. Abin da ake yi a irin wannan hali ya yi kama da aikin masu zaɓen sarki idan gadon ya zama wayam: marubuta da masana tarihin dambe su kan amince cewa idan na ɗaya da na biyu a duniya suka kara, wanda ya ci ya buɗe sabuwar silsila. Da haka Max Schmeling ya samu a 1930, bayan an kori Jack Sharkey saboda naushin ƙasa da ɗamara, da haka Floyd Patterson ya samu a 1956 bayan ya doke Archie Moore. Wato silsilar da ake cewa ba ruwanta da ra'ayin kowa, ita ma tana komawa ga ra'ayi duk sanda ta tsinke. Wanda ya ɓoye wannan bai yi wa mai sauraronsa adalci ba.

Giɓin da Lewis ya bari shi ne tushen rigimar yau. Wladimir Klitschko ya doke Ruslan Chagaev a Jamus a watan Yuni na 2009, The Ring ta ba shi kambunta, mutane da yawa suka ce an samu magaji. Amma wanda ke riƙe da kambun WBC a lokacin yayansa ne, Vitali, wanda ya karɓe shi daga hannun Samuel Peter ɗan Najeriya a 2008, kuma 'yan'uwan biyu sun ce ba za su taɓa dukan juna ba. To ta yaya za a ce na ɗaya da na biyu sun kara? Saboda haka wasu masana ba su ƙirga sarautar Wladimir ba sai daga watan Oktoba na 2013, da ya doke Alexander Povetkin a Mosko. Ko ta 2009 aka bi ko ta 2013, kusan kowa ya yarda cewa zuwa 2015 Wladimir ne mai gida.

Akwai kuma masu ɗauka cewa zakaran silsila shi ne wanda ya fi kowa iya dambe a zamaninsa. Ba lallai ba ne, kuma tarihi ya nuna hakan ta fuska biyu. Mike Tyson ya ci kambun WBC a Nuwamba 1986 yana ɗan shekara 20, wannan gaskiya ne, kuma zuwa Agusta 1987 ya haɗa uku a hannunsa. Duk da haka silsilar na wurin Michael Spinks, wanda ya doke Larry Holmes a 1985. Sai ranar 27 ga Yuni 1988 Tyson ya gama da Spinks cikin daƙiƙa 91 ya karɓe ta. Ta ɗaya fuskar, George Foreman ya kwantar da Michael Moorer a Nuwamba 1994 yana da shekara 45. Kambunansa suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da wasa da 'yan damben da ba su cikin sahun gaba, har Shannon Briggs ya ci shi da maki a 1997, hukuncin da aka yi ta ƙorafi a kai. Na 'yan watanni Briggs ne zakaran silsila, alhali ga Lewis ga Evander Holyfield a fili. Ba wanda ya san dambe da zai ce Briggs ya fi su. Silsila na faɗa maka wanda ya doke wa, ba ta faɗa maka wanda ya fi kowa.

Yanzu ga maganar da ta fi taɓa mu a Najeriya. Ana cewa Anthony Joshua, wanda iyayensa ke da tushe a Shagamu ta Jihar Ogun, ya zama zakaran silsila da ya doke Klitschko a Wembley a watan Afrilu na 2017. Wasan ya ƙayatar: an kai Joshua ƙasa a turmi na shida, ya tashi ya gama da abokin karawarsa a na 11 a gaban mutum dubu casa'in. Ina daga cikin masu son a ce hakan ta tabbata, amma ba ta tabbata ba. Klitschko ya riga ya rasa sarautar ranar 28 ga Nuwamba 2015 a Düsseldorf, a hannun Fury, kuma ba a karɓar abu daga hannun wanda ba ya riƙe da shi. Joshua ya tara kambun IBF da WBA da WBO har sau biyu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, sai dai bai taɓa zama zakaran silsila ba.

Shi kansa Fury fa? Da'awarsa rabinta na da ƙafa. Ya doke mai gida, babu tantama. Bayan haka sai ya ɓace daga fili fiye da shekara biyu da rabi. Ya sha fama da ciwon damuwa da shaye-shaye kamar yadda shi da bakinsa ya bayyana, ya ajiye kambunansa a Oktoba 2016, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Birtaniya ta yi masa hukuncin dakatarwa na shekara biyu, The Ring ma ta karɓe nata a farkon 2018. Ya taɓa rubuta cewa ya yi ritaya, ya janye cikin 'yan sa'o'i. Da ya dawo a Yuni 2018, masu tallar wasanninsa suka riƙe maganar silsila gam, domin ita kaɗai ce sarautar da za su iya bugawa a allon talla. Masu goyon bayansa suka ce ba a doke shi ba, kamar Ali. Masu suka suka ce Ali hana shi aka yi, Fury kuwa shi ya janye jikinsa.

A ganina magoya bayan Fury sun fi kusa da gaskiya a nan, bisa ƙa'idar da aka bi wa Jeffries da Louis: muddin tsohon zakara ya dawo kafin a samu magajin da kowa ya sallama masa, sarautar na tare da shi. Joshua da Deontay Wilder, waɗanda ya kamata su kara su rufe giɓin, ba su taɓa haɗuwa ba. Kuma a Fabrairu 2020 Fury ya dakatar da Wilder a turmi na bakwai, wanda ya gamsar da da yawa daga cikin masu shakka. Inda ya raunana hujjarsa shi ne sanarwar ritaya ta 2022 bayan ya doke Dillian Whyte, har ya mayar da kambun The Ring a watan Agusta, aka sa shi a wasan Oleksandr Usyk da Joshua a Jidda, Usyk ya ɗauka. Na kusan shekara biyu an sami mutum biyu kowa da hujjarsa. Wanda ya ce a wancan lokacin lamarin a fili yake, son rai ne ya ja shi.

Sai batun Francis Ngannou na Kamaru. Ranar 28 ga Oktoba 2023 a Riyad, a damben boksin ɗinsa na farko, ya zubar da Fury da naushin hagu a turmi na uku. Alƙali ɗaya ya ba shi 95 da 94, biyu suka ba Fury 96 da 93 da kuma 95 da 94. Mutane da yawa a Afirka sun ce an yi masa fashi, daga nan aka ƙirƙiri labarin cewa shi ne zakaran silsila na ainihi. Jin zafin hukuncin daidai ne, amma silsila da sakamakon da aka sanar take aiki. In za a warware hukuncin alƙalai saboda Ngannou, sai a warware na Briggs da Foreman da wasu da dama, lissafin ya watse. To ko da an biye wa masu wannan ra'ayi, a bi sawun a gani: Joshua ya kwantar da Ngannou a turmi na biyu a Maris 2024, Daniel Dubois ya kwantar da Joshua a turmi na biyar a Satumba 2024, Usyk kuma ya kwantar da Dubois a turmi na biyar a Wembley ranar 19 ga Yuli 2025. Hanyar ta sake komawa gida ɗaya.

Ranar 18 ga Mayu 2024 a Riyad ne aka raba gardamar Fury da Usyk. A turmi na tara Usyk ya yi ta kai wa Fury duka yana tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, igiyoyin ne kawai suka hana shi faɗuwa, alƙalin fili ya ƙirga masa. Alƙalai biyu suka ba Usyk, ɗaya ya ba Fury. A watan Disamba aka sake, dukkan ukun suka ba Usyk 116 da 112. Wasu sun ce ai ya ajiye kambun IBF makonni bayan wasan farko, don haka sarautarsa ta ragu. Kambu huɗu ne suka koma uku a lokacin, silsilar ba ta motsa ba, domin ba takardar hukuma ce ta ba shi ita ba.

Saboda haka, mai karatu, in musun ya sake tashi a majalisarku, ka tambayi mai magana abu biyu: wa gwaninsa ya doke, kuma shin wancan yana riƙe da sarautar a ranar da aka doke shi? Duk hanyar da aka bi, ta 2009 ko ta 2013, ta Fury ko ta The Ring ko ta Ngannou, lissafin da ya tsaya a wasan Wembley na Yuli 2025 yana nuna mutum ɗaya ne, Oleksandr Usyk na Yukren.