Haƙƙin Da Ke Wuyan Likita In Babban Mutum Ya Mutu A Hannunsa

  

In mutum ya rasu a hannun mai magani, maganarmu guda ce, watau kwana ya ƙare. Wannan gaskiya ce, babu mai jayayya da ita. Amma akwai wata tambaya a bayanta wadda ba mu cika yi ba: shin mai maganin nan ya yi aikinsa yadda masana aikin suka tsara, ko kuwa ya kauce? Ajali na Allah ne, aiki na bawa ne, a kan aikin kuwa a ke yin hisabi. Domin a gane wannan sosai, ga labarin mutum biyu da duniya ta sani, waɗanda suka mutu a hannun likitocinsu har magana ta kai gaban alƙali.

Ta fari ita ce Stella Obasanjo, matar shugaban Nijeriya na wancan zamani, Cif Olusegun Obasanjo. A watan Oktoba na 2005 ta tafi ƙasar Sifen, wani gari na bakin teku da a ke kira Marbella, cikin yankin da magabata suka sani da sunan Andalus, domin a yi mata aikin zuƙe kitse daga jiki. Yadda a ke aikin shi ne, a cusa siririn bututu a ƙarƙashin fata a janyo kitsen. To, bututun nan ya zarce inda ya kamata ya tsaya, ya shiga cikin ciki, ya huda babban hanji, ya yanki hanta. Ran 23 ga Oktoba ta rasu, saura mako 3 ta cika shekara 60. Labarin ya iso Nijeriya ana cikin juyayin jirgin saman Bellview, wanda ya faɗi a jihar Ogun daren 22 ga wata da mutum 117 a ciki.

A watan Satumba na 2009 kotun birnin Malaga ta yanke wa likitan ɗaurin shekara 1, ta hana shi aikin likita shekara 3, ta kuma ce a biya ɗan marigayiyar yuro 120,000. Ku lura, ba zamewar hannu kaɗai aka duba ba. An duba abin da ya biyo baya. Jikinta ya rikice bayan aikin, ba a gano raunin da ke ciki ba, alhali gwajin jini ko hoton ciki da sun tona shi. Sa'an nan aka yi jinkiri na sa'o'i kafin a kai ta asibitin da ke da kayan ceton rai.

Na biyu shi ne Michael Jackson, mawaƙin Amurka, wanda a zamaninsa da wuya a sami mawaƙin da ya kai shi suna ko dukiya. A 2009 yana shirin wasa 50 a birnin Landan, sai barci ya gagare shi. Ya ɗauki wani likitan zuciya, Conrad Murray, ya zama nasa shi kaɗai, bisa alkawarin dala 150,000 kowane wata. Abin da mawaƙin ya ke so a yi masa shi ne allurar wani magani mai suna furofofol, fari kamar madara, wanda a ke gusar da hankalin mutum da shi kafin a yi masa fiɗa. Wannan magani yana danne numfashi, saboda haka ba a ba da shi sai a inda akwai na'urar lura da numfashi da bugun zuciya, da mutumin da ba shi da wani aiki sai kallon majinyaci. Ba maganin rashin barci ba ne. Duk da haka likitan nan ya yi ta ɗura masa shi a ɗakin kwanansa, kusan kowane dare, har wajen wata 2.

Ran 25 ga Yuni 2009, a birnin Los Angeles, numfashin mawaƙin ya tsaya yana da shekara 50. A gaban shari'a aka nuna cewa likitan ya bar shi ya fita daga ɗakin, aka kawo lissafin wayar da ya yi ta bugawa a safiyar, aka nuna ya yi jinkirin kiran motar asibiti, kuma da ma'aikatan agaji suka iso bai faɗa musu ya ba da furofofol ba. Lauyoyinsa suka ce ai mawaƙin ne ya ƙara wa kansa maganin da hannunsa. Masu ƙara suka amsa da cewa, ko da haka ne, wa ya kawo maganin gidan, wa kuma ya bar shi kusa da majinyaci ya juya baya? Ran 7 ga Nuwamba 2011 aka same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ran 29 ga watan alƙali ya ɗaure shi shekara 4, iyakar abin da doka ta yarda ke nan. Ya fito a watan Oktoba na 2013.

Jama'a, in kun duba labarun nan biyu za ku ga ba mutuwar ce ta kai likitocin kurkuku ba, domin kullum mutane na mutuwa a hannun likitoci na ƙwarai. Abu biyu suka kai su. Na ɗaya, jinkiri bayan abu ya ɓaci, wanda ya auku a duka biyun. Na biyu, a labarin mawaƙin, likita ya mai da kansa bara, mai gida ya faɗi abin da ya ke so, shi kuwa ya zartar. Girman majinyaci yana ƙara wa abubuwan nan biyu ƙarfi. Talaka in ya nemi abin da zai cuce shi, likita ya kan ce masa a'a ba tare da nauyin baki ba. Amma wanda ke ciyar da kai, ya ke tufatar da kai, in ka ce masa a'a gobe ya sallame ka ya ɗauko wani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Haka kuma in abu ya ɓaci a jikin sananne, tsoron tonon asiri ya kan sa a ce bari a ɗan jira, ko ya farfaɗo kafin kowa ya ji. A cikin wannan ɗan jira rai ke fita.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin mai kaciya da ya zarce ya yanke abin da ba a yanka, ya sanya shi cikin kuskuren da a ke biya wa diyya, dangin mai aikin na wajen uba su ɗauka. Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukanmu, ya ambaci abu uku da ke jawo wa likita lamuni: jahiltar aikin, da gazawa wajen cika shi, da yin sa ba da izini ingantacce ba. Ibnu Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya tattauna mas'alar a Bidayatul Mujtahid, ya rarrabe gwani da ya yi kuskure da wanda tun asali ba ma'abocin aikin ba ne, wanda shi bayan diyya har da horo. Shi kuwa ya san abin ta fuska biyu, domin alƙali ne, kuma likitan sarkin Muwahhiduna ne, a ƙasar nan ta Andalus inda aka yi shari'ar likitan matar Obasanjo bayan shekara 800 da 'yan kai.

Daga nan mu ke fahimtar cewa gwanin da ya ba aiki haƙƙinsa, da izini, hannunsa bai zame ba, in majinyaci ya mutu babu kome a kansa. Wanda ya san aiki amma ya yi sakaci, saninsa ba ya kare shi. Izinin majinyaci kuwa yana halatta magani ne, ba ya halatta abin da masana aikin suka haɗu a kan cewa halaka ne, domin ran mutum amana ce a hannunsa, ba hajarsa ba ce balle ya sayar. Imani da ƙaddara ma ba ya kawar da wannan. Wanda aka kashe bisa kuskure shi ma da ajalinsa ya mutu, amma Suratun Nisa'i ta wajabta diyya, ta kuma bar wa magada zaɓin su yafe. Yafewa kuwa sai bayan an san abin da ya faru.

Hukuma ma tana da nata rabo. A shekara ta 319 ta Hijira, watau 931, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani. Sai ya hana kowa yin magani sai wanda babban likitansa, Sinan ɗan Sabit, ya jarraba ya ba shi takarda. Waɗanda aka jarraba sun haura 860. Mamacin nan kuwa talaka ne daga cikin jama'a. A Nijeriya irin wannan aiki yana hannun Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda asalinta ya koma ga dokar 1963. Tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, tana iya dakatar da likita ko ta soke sunansa daga rajista, kuma talaka na da ikon kai mata ƙara kamar yadda mai mulki ke da shi.

To, me ya haɗa mu da wannan, mu da ke zaune a gefen dajin Kamuku? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Kaduna, har matafiya ba su bin ta sai da rakiyar soja, mutanen ƙasar nan, daga Randagi har Kuyello da Dogon Dawa, sun dogara ga wanda ke kusa: malamin asibiti, da mai kemis, da wanzami, da ungozoma. Da yawa daga cikinsu sun tsaya a lokacin da tsayawa ke da haɗari, sun ceci rayuka, Allah ya saka musu. Amma wata ɗabi'a ta yaɗu, musamman ga masu hali. Attajiri ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya aika a kira masa mai allura gida, shi zai faɗi abin da za a yi masa: a ƙara mini ruwa, a yi mini allura mai ƙarfi, a ba ni na barci. Ba a auna jininsa ba, ba a tambayi ko yana da ciwon sukari ko na ƙoda ba. Mai allura ya san bai dace ba, amma Alhaji ne, shi ya ba shi jari. Tun da aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024 ciniki ya farfaɗo, inda kuɗi suka yi yawa kuwa irin wannan kira ya kan yi yawa. Abin da ya faru a ɗakin mawaƙin Amurka ke nan, sai dai kuɗin ba su kai nasa ba.

Jinkiri kuma a wurinmu ya fi muni. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya fi kilomita 100, Shika ta Zariya ta fi haka nisa. Wanda ya riƙe majinyacin da ya fi ƙarfinsa tun hantsi, don kada a ce ya kasa, sai bayan la'asar ya ce a nemi mota, ya cinye lokacin da hanya ke bukata, ga dare ya gabato.

Saboda haka, ya kai mai magani, ka sani faɗin a'a yana cikin aikinka, kamar yadda allura ke ciki. In abu ya fi ƙarfinka ka faɗa da wuri. In ka tura majinyaci gaba, ka rubuta duk abin da ka ba shi da lokacin da ka ba shi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai kuma mai dukiya, in ka sami likitan da ke iya duban idonka ya hana ka abin da ka ke so, ka riƙe shi da kyau, ka ji tsoron wanda bai taɓa musa maka ba. Ku kuma magada, in an yi muku rasuwa kada ku ɗaga hannu a kan ma'aikacin asibiti, kada ku ɓata masa suna bisa zato, domin sau da yawa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma ku yi tambaya cikin ladabi: me aka ba shi, wa ya ba shi, ƙarfe nawa? In amsar ta gamsar, ku yi haƙuri. In ba ta gamsar ba, ga hukuma, ga alƙali. Tambayar ba ta dawo da wanda ya tafi, amma tana iya tsare wanda zai kwanta a gadon nan gobe.

Malamai kuma, in kun kai babin diyya da lamuni a karatun zaure, ku tsaya a kansa ku warware wa almajirai da misalin zamaninmu, domin a cikin masu sauraronku akwai mai kemis, akwai wanzami, akwai kuma attajirin da ke aikawa a kira su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa masu yi mana magani su riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.