Rihasal ɗin yamma: Makarantar da masu son shiga fim ke tsallakewa

TAMBAYA guda ce ta fi yawo a bakin matasa masu sha'awar fim, daga Gozaki zuwa Ƙafur, daga Malumfashi zuwa Funtuwa: "Yaya zan yi in shiga fim?" Da yawansu kuma sun riga sun ba kansu amsa. A ganinsu abin da ake buƙata bai wuce kuɗin mota zuwa Kano ba, da kaya masu kyau kala biyu ko uku, da lambar wayar wani furodusa. Wasu har buhun masara suke sayarwa bayan kaka don su haɗa abin da ake kira kuɗin rajista. An sha jin labarin waɗanda suka faɗa hannun 'yan damfara, aka karɓe musu kuɗi da sunan za a sa su a fim, aka bar su riƙe da rasit.

Wanda ya yi sa'a ya kai lokeshin kuma, sai a tsayar da shi gaban kyamara. Da darakta ya ce a fara, sai murya ta maƙale, ido ya riƙa neman kyamara, hannu ya rasa inda zai zauna. Sin ɗaya a maimaita shi sau goma. Daga ranar ba a ƙara nemansa, ya dawo gida yana cewa harkar fim sai kana da uwa a gindin murhu.

To, akwai son kai a industiri, babu mai musu. Amma akwai kuma matakin da yawancin waɗannan matasa suke tsallakewa, wato rihasal, zaman gwaji da koyon wasa da 'yan ƙungiyar dirama ke yi da yamma bayan kowa ya tashi daga aikinsa. A nan manyan 'yan wasan Hausa suka goge.

Daga dandamali zuwa kaset

Duk mai bin tarihin finafinan Hausa ya san cewa 'Turmin Danya', wanda ya fito a 1990, shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin da ya buɗe kasuwar bidiyo a Kano. Ƙungiyar dirama ta Tumbin Giwa ce ta shirya shi, Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma a cikinsa ne Ibrahim Mandawari ya fito. Abin lura shi ne, 'yan Tumbin Giwa ba ranar suka fara wasa ba. Sun shekara da shekaru suna wasan dandamali da na talbijin kafin a ɗora musu kyamarar bidiyo. Haka takwarorinsu irin su Jigon Hausa da Gyaranya.

Waɗannan ƙungiyoyi na 'yan sa-kai ne. A cikinsu akwai ma'aikacin gwamnati, akwai ɗan kasuwa, akwai tela, akwai ɗalibi. Kowa na da abin yi da rana, shi ya sa sai da yamma ake haɗuwa, galibi a harabar wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Sabon shiga kan daɗe yana kallo, yana ɗaukar benci, kafin a ba shi fitowar ɗan aike mai magana ɗaya. Idan ya yi kuskure a gyara masa a gaban kowa, gobe ya sake. Babu satifiket, amma akwai horo.

Na gaba da su ma haka suka taso. Marigayi Kasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, sun yi suna ne ta wasannin rediyo da talbijin na Kaduna, inda ɗan wasa ke rayuwa da muryarsa da iya riƙe hali guda mako bayan mako. A Katsina kuwa akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, marubucin wasan 'Kulɓa Na Ɓarna' da aka buga a 1979.

Bayan da 'Sangaya' da 'Wasila' suka yi kasuwa a wajajen shekarar 2000, sai abin ya canza. Kuɗi ya shigo, kamfanoni suka yi yawa, rawa da waƙa suka zama su ne ke sayar da kaset. Kyan fuska ya sha gaban gogewa, rihasal ya koma 'yan mintocin da ake yi a lokeshin kafin a kunna kyamara.

Abin da ya faru a Maska

Matasan ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba sai sun leƙa Kano kaɗai za su ga misali ba. A 1975 wani Bature mai suna Michael Etherton ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga ƙasar Zambiya, aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin darasi mai zaman kansa. Har ɗakin wasa na ƙasa aka gina musu a Samaru, irin ginin Hausawa. Shi da abokan aikinsa irin su Brian Crow, da matasan da suka taso a hannunsu irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka ga bai kamata wasa ya tsaya cikin jami'a ba. A 1977 suka kai 'Wasan Manoma' ƙasar Soba. A 1979 kuma suka sauka a Maska, nan kusa da Funtuwa, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Tsarinsu mai sauƙi ne. Ba a zuwa da rubutaccen sikirif daga birni. Ana shiga gari ne a zauna da mutane, a saurari abin da ke damunsu a gona da gida da kasuwa. Daga nan a harhaɗa labari, a raba fitowa, kowa ya ƙirƙiro maganarsa nan take, a gwada, a rushe, a sake ginawa. A ƙarshe a yi wasan a fili, jama'a su kewaye, bayan an gama a tattauna.

Su kansu malaman daga baya sun gano gyara a aikin nasu. Sun lura cewa idan ɗalibai ne kawai ke wasa, mutanen gari na kallo, da baƙi sun tafi shi ke nan. Saboda haka a ayyukan da suka biyo baya, kamar na Bomo da ke kusa da Samaru, sai aka ƙara jawo manoma cikin shirya labarin da fitowa a cikinsa. Darasin a fili yake: manomi zai iya wasa, kuma babu wanda ya fi shi sanin yadda manomi ke magana.

Dama can abin yana cikin jini. Yaron da ya yi tashe da azumi, ko ya ga samari suna kwaikwayon sarki da alƙali a bikin kalankuwa bayan kaka, ai ya riga ya shiga ajin farko.

A wasu ƙasashen ma haka ne. A Ingila akwai ƙungiyar NODA ta masu wasan sa-kai, wadda aka kafa tun 1899. Duk shekara takan shirya makarantar mako guda a lokacin hutun bazararsu, inda mutanen da ke da wasu sana'o'i daban ke taruwa su koyi wasa, waƙa, ba da umarni da aikin bayan fage. A Kenya kuma, a 1977, manoma da leburorin ƙauyen Kamiriithu suka gina dandamalinsu da hannunsu, suka yi wasa da harshensu tare da marubuci Ngugi wa Thiong'o. Wasan ya yi tasirin da sai da gwamnati ta hana shi, ta kuma tsare marubucin.

Me ake koya a zaman yamma?

Na farko shi ne murya da numfashi. Mai koyo zai tsaya a ƙarshen fili ya yi magana, na ɗaya ƙarshen ya ji shi sarai ba tare da ya yi ihu ba. Sirrin yana cikin jawo numfashi daga ciki, a bar matsa maƙogwaro. Karin maganar nan masu karya harshe da yara ke wasa da su suna da amfani ƙwarai wajen saita furuci.

Na biyu, jiki. Tafiyar dattijon da ya wuni yana huɗa daban take da ta ɗan acaɓa, zaman dillalin hatsi daban yake da na mai neman bashi. Ana tura mai koyo kasuwa ko tasha ya zauna ya kalli mutum guda, da yamma ya zo ya nuna shi ba tare da ya furta kalma ba. Idan 'yan'uwansa suka gane ko wane ne, ya ci.

Na uku, sauraro. Nan ne sababbin 'yan wasa suka fi faɗuwa. Za ka ga mutum a fim ana faɗa masa mahaifinsa ya rasu, amma fuskarsa na nuna jira kawai yake a gama ya faɗi nasa layin. Maganin wannan shi ne ƙirƙirar nan take irin ta Maska: a ce kai manomi ne da ya karɓi taki bashi, ga mai taki ya zo, damina kuma ba ta yi kyau ba, bismilla. Tunda babu haddar da za ka dogara da ita, dole ka saurari abokin wasanka.

Na huɗu, bambancin dandamali da kyamara. A fili ana buɗe hannu a ɗaga murya don na baya ya gani. Kyamara kuwa tana kusa, ƙiftawar ido ma tana kamawa, don haka sai an rage. Nan matasan yau suka fi 'yan Tumbin Giwa gata, domin wayar hannu guda ta isa a ɗauki sin, a taru a kalla, kowa ya ga aibinsa da idonsa.

Na biyar, wanda ya fi duka wuya, shi ne ladabin aiki: zuwa a kan lokaci, haddace layi, yin shiru idan wani na wasa, da karɓar gyara ba tare da fushi ba. Daraktoci sun fi son mai wannan hali a kan mai baiwar da ba ya jin magana.

Damina da dogon hutu

A gari irin Gozaki, dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, daidai lokacin maimai da zuba taki da huɗa. Babu uban da zai saki ɗansa da safe ya tafi dirama, kuma yana da gaskiya. Amma tsakanin La'asar da Magariba akwai kusan awa biyu da galibi ke tafiya a hira da kallon waya. Kwana uku a mako, mako shida, ya kama zama 18 ke nan. Wannan ya isa mutum goma ko goma sha biyu su haɗa wasan rabin awa su nuna shi kafin a koma makaranta.

Sai dai akwai sharuɗɗa. A nemi izinin hedimasta kafin a shiga harabar makaranta, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a samu babba guda, ko malamin Hausa ko tsohon ɗan dirama, ya zama uban ƙungiya. Yarinyar da za ta shiga sai da yardar iyayenta, kuma a fili ake komai. A tashi kafin kiran sallar Magariba, musamman ganin matsalar tsaron da sassan kudancin Katsina suka sha fama da ita a 'yan shekarun nan. Kada kuma a karɓi kuɗin rajista a hannun kowa, don da zarar kuɗi ya shigo, rigima ta shigo.

Wanda ya ga yana son zurfafawa, ƙofa a buɗe take. Akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talbijin ta NTA, dukansu a Jos.

Kasuwar ma ta juyo. Zamanin kaset da faifan sidi ya wuce. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su 'Daɗin Kowa' da 'Kwana Casa'in', da ɗimbin waɗanda ake sakawa a YouTube, suka zama abin kallo. Irin waɗannan suna buƙatar dattawa, malamai, 'yan kasuwa da manoma, mutanen da za su riƙe hali guda tsawon watanni mai kallo bai gaji da su ba. Rawa da kwalliya ba sa ɗaukar wannan kaya.

Don haka saurayin da ke lissafin sayar da buhunsa bana, gara ya bar shi a rumbu tukuna. Ya nemo abokai goma, da benci biyu, da inuwar bishiya a makarantar garinsu. Kano tana nan ba inda za ta, kuma ranar da ya je, ya je da abin nunawa. Hausawa dai sun ce da rarrafe yaro kan tashi.