Gargaɗi: Kada Ku Ɗauko Ɓarawo Ku Ba Shi Gadin Kwamfutarku

Wannan gargaɗi ne ga duk gidan da ke da kwamfuta. Ya shafi ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da malamar da ke naɗar darasi, da ɗan kasuwar da ke ajiye lissafin shago, da iyayen da suka saya wa yara laftof. Manhajoji biyu ake yawan gaggawar sakawa: ta kariya daga bairos, da ta ɗaukar hoto ko bidiyon allo. Su ne kuma ake sakar wa ragama sosai. Ta farko tana shiga kowane fayil. Ta biyu tana ganin duk abin da idonku ke gani. Idan ɗayarsu ta gurɓace, sirri ya ƙare. Ba a ce ku firgita ba. An ce ku tashi ku duba, yau.

Haɗari na farko shi ne kwafin sata. An sayi kwamfuta ta hannu, mai shago ya ce zai loda komai kyauta. Ko kuma yaro ya sauke antibairos mai tsada daga wani shafi, an ce an fasa ta, ba sai an biya ba. Ku buɗe 'yar takardar umarnin da ke zuwa da irin waɗannan. Sau da yawa layin farko cewa yake a kashe kariyar kwamfuta kafin a saka. Wannan kaɗai ya isa shaida. Ta irin wannan ƙofa wata muguwar manhaja mai suna Lumma ke shiga, ta kwashe kalmomin sirri da bayanan katin banki da aka adana a burauza. A watan Mayun 2025, kamfanin Microsoft ya ce ya gano ta a kwamfutoci fiye da 394,000 cikin wata biyu kacal. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyu, tallan tsoratarwa. Kuna cikin karatu a intanet, sai allo ya cika da jan rubutu. Ƙara na tashi. An ce an kama bairos biyar, ku danna nan, ko ku kira wannan lamba. Ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya bincika cikin kwamfutarku haka kawai. Maganin da suke miƙo muku shi ne cutar. Ku rufe burauzar, kada ku danna komai a cikin saƙon.

Na uku, shafin jabu mai kama da na gaske. OBS Studio manhaja ce ta naɗar allo, kyauta ce, sahihiya ce. Amma a farkon 2023, 'yan damfara sun sayi talla a Google da sunanta. Shafinsu ya hau saman sakamakon bincike. Wanda ya danna, ya sauke manhajar satar bayanai da hannunsa. Zama a saman jeri ba shaidar gaskiya ba ce. Ku tsallake duk abin da aka yi wa alamar talla. Ku karanta adireshin harafi bayan harafi.

Na huɗu, kamfanin gaske mai ciniki da sirrinku. A watan Fabrairun 2024, hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin antibairos na Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta, ta hannun reshensa mai suna Jumpshot. Mutanen nan kariya suka je nema. Sanannen suna ba ya ɗauke muku nauyin tambaya: me wannan manhaja ke tattarawa, kuma ina take kai shi?

Na biyar, kariyar da ta tsufa. Data na da tsada, shi ya sa gidaje da yawa ke kashe sabuntawa. Antibairos ɗin da ta yi watanni ba a sabunta ta ba, cututtukan bara ta sani. Haka shi ma Windows ɗin kansa. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ana neman kuɗin fansa. Alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da abin toshe kafar. Waɗanda ba su saka ba su suka sha wuya. Windows 7 ya daina samun gyara tun Janairun 2020. Windows 10 ya bi sahu a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi.

Na shida, tara masu gadi. Wasu na saka antibairos biyu ko uku, a ganinsu ƙarin tsaro ne. Sai su yi ta karo da juna, kwamfuta ta yi nauyi. Kuma da zarar an saka wata, Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows yakan janye ya bar mata aikin. Idan wadda aka saka ta jabu ce, kun sallami na ƙwarai kun ajiye maci amana.

Na bakwai, filas. An kai shi shagon buga takardu, an dawo gida, an soka. Sai ga manyan fayiloli duk sun koma gumaka masu 'yar kibiya a gefe. Ana dannawa, cutar ta shiga. Gobe filas ɗin ƙani ya ɗauka, jibi na maƙwabci.

Na takwas, hoton allon kansa. Wasu manhajojin na ɗora hoton a intanet da dannawa ɗaya, su ba ku adireshi. Duk wanda ya samu adireshin, ko ya canka, zai gani. Rasit ɗin banki, lambar BVN, katin NIN, hirar iyali, duk a fili. Yanke gefen hoto ma ba kullum yake wadatarwa ba. A watan Maris na 2023 an gano cewa ana iya dawo da ɓangaren da aka yanke a wasu hotunan wayoyin Pixel da na manhajar Snipping Tool ta Windows. An gyara kuskuren, amma hotunan da aka riga aka tura sun tafi. Naɗar bidiyo ta fi haɗari. Malami na naɗar darasi, saƙon banki ya faɗo a kusurwar allo, makirufo na ɗaukar maganar cikin gida, sannan a tura wa zauren WhatsApp na mutum ɗari.

Na tara, wanda ke son ganin allonku daga nesa. Zai kira ya ce daga banki yake, ko daga kamfanin kwamfuta. Zai ce ku saka AnyDesk ko TeamViewer ya gyara muku matsala. Manhajojin na halal ne, amma mai kiran ɓarawo ne. Kuna karanta masa lambar shiga, linzamin kwamfutarku ya koma hannunsa. Banki ba ya neman haka.

Idan aka ci gaba a haka, sakamakon a bayyane yake. Asusu zai wayi gari babu ko kwabo. Za a karɓe Facebook da imel ɗinku, a roƙi 'yan uwa kuɗi da sunanku. Kundin shekara guda zai kulle. Hotunan mata da yara za su faɗa hannun mai neman kuɗin rufin asiri. Kuɗi kan dawo wani lokaci. Abin da ya bazu a intanet ba ya dawowa.

Mafita ba ta da tsada. Ku buɗe Windows Security ku tabbatar Defender na aiki kuma an sabunta shi. Ya wadatar da mafi yawan gidaje. Ku cire duk kwafin sata, ku sa a bincike kwamfutar gaba ɗaya. Sannan ku canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Don hoton allo, ku danna maɓallan Windows da Shift da S tare. Don bidiyo, Snipping Tool na Windows 11 na naɗa. Mai Mac ya danna Command da Shift da 5. Wanda aikinsa ya fi haka, ya sauke OBS daga shafinsa na asali kawai. Kafin naɗa, ku kashe sanarwa, ku rufe shafin banki. Kafin turawa, ku kalla daga farko har ƙarshe. Ku ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani faifai da ba ya kwana a jikin kwamfuta.

Ku zaunar da yara ku gaya musu: babu mai sauke manhaja sai an sani. Ku isar da wannan ga maƙwabta da abokan aiki, domin filas ɗinsu gobe a kwamfutarku zai shiga.