Tashar jirgin ƙasa ta Deidei: mi ɗan kasuwa zai samu cikinta?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai dabbobi ko ya je sayen kayan gini a Abuja, babban birnin Nijeriya, ya san sunan Deidei. Unguwa ce a bakin gari, kusa da Kubuwa, inda akwai kara ta shanu da awaki, da kasuwar katako, da babbar kasuwar kayan gini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a unguwar nan akwai tashar jirgin ƙasa, wadda ta yi shekaru a gine ba tare da fasinja ba. Mun ga ya dace mu kawo muku labarinta, domin akwai abin koyo cikinsa ga mu ƴan Nijar da muke jiran layin dogo ya iso Maraɗi.

Jirgin da muke magana kansa na cikin gari ne, mai ɗaukar ma'aikata da ƴan kasuwa daga unguwanni zuwa tsakiyar birni. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa layin, mai tsawon kimanin kilomita 45, da tashoshi 12. Kuɗin aikin ya haura dalar Amurka miliyan 800, kuma kaso mai yawa bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 12 ga watan Yuli na shekara ta 2018. To amma a lokacin tashoshi uku kaɗai suka fara aiki: ta tsakiyar birni, da ta Idu, da ta filin jirgin sama. Deidei da maƙwabtanta Gwagwa, Kagini da Gbazango suka zauna a rufe. A shekara ta 2020, da cutar korona ta shigo, aka tsai da jirgin baki ɗaya, ya yi shekara huɗu a ajiye.

Mi ya hana jama'a amfana da tashoshin da aka kashe wa wannan dukiya? Babban dalili shi ne rashin hanya. An gina tashoshin nesa da bakin titi, wasu ma cikin fili, babu kwaltar da za ta kai mutum ƙofarsu. Mace mai ɗauke da kwandon tumatur ba za ta yi doguwar tafiya a ƙasa ba don ta shiga jirgi, alhali ga motar haya a bakin kasuwa. Sai da hukumar birnin, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ta gina hanyoyin shiga tashoshin, sannan shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe layin ranar 29 ga watan Mayu na 2024, aka kuma ce jama'a su shiga kyauta har ƙarshen shekarar.

Amfanin tashar ga ɗan kasuwa a bayyane yake. Na farko, jirgi ba ya tsayawa cikin cunkoso, kuma duk wanda ya bi babbar hanyar Kubuwa da safe ko da marece ya san irin lokacin da ake ɓatawa. Na biyu, tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tsada ƙwarai, har ya kan cinye ribar ƙaramin ɗan tireda. Na uku, daga Deidei jirgin yana kai mutum Idu, mahaɗar layuka, inda zai iya sauya jirgi zuwa filin jirgin sama ko tsakiyar birni, ko kuma ya shiga babban jirgin Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, ya sauka Rigasa. Ban da haka akwai inuwa da wurin zaman jira, abin da ba kowace tashar mota ke da shi ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, jirgin na fasinja ne. Mai ƙaramin ƙunshi ko jakar hannu zai ji daɗinsa, amma mai buhun siminti ɗari ko garken raguna, dole ya koma ga kamiyo. Haka kuma jirgi yana da lokacinsa, ba ya jiran a cika kamar motar tasha. Wadda ke son isa kasuwa kafin rana ta fito, idan lokacin tashin jirgi bai yi daidai da nata ba, babu abin da kyawon ginin zai ƙara mata.

Mu ma a nan gida mun ga irin haka. A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin tashar jirgi a Yamai, a farkon 2016 kuma aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Dosso, mai tsawon kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa. Rikicin shari'a ya taso a ƙasar Benin kan wanda ke da iznin aikin, layin bai haɗu da na Paraku ba, ƴan kasuwa kuwa ba su samu jirgin da zai ɗauko musu kaya daga Kwatano ba.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata da su kai wa hukumomi buƙatunsu tun kafin a gama gini: kwalta daga tasha zuwa babbar kasuwa, wurin tsayawar kabu-kabu da amalanke, mangaza ta ajiyar albasa da wake, wurin loda dabbobi, ruwan famfo, makewayi na mata daban, masallaci, fitila da dare, da rumfunan da masu tuwo da masu fura za su iya kamawa bisa haya mai sauƙi. A kuma tambayi masu sammako kafin a tsai da lokacin tashin jirgi.

Mutanen Deidei sun jira kusan shekara shida kafin hanya ta iso ƙofar tasharsu. Allah ya sa mutanen Maraɗi ba za su yi irin wannan jira ba, ya kuma ba kowa kasuwa mai albarka.